Tsagar da Muka Rufe

Allura tana tsakiyar bakin wani siket lokacin da keken ɗinkina ya fara rawa shi kaɗai. Na ɗage ƙafata daga feda, bai daina ba. Almakashi ya zame daga kan teburi, kofunan cikin kabad suka hau karo da juna, can ƙarƙashin ƙafafuna kuma wani gurnani yake tashi kamar an tayar da babbar mota a cikin rijiya. Kafin in gama salati ya wuce. Da na ɗaga kai sai ga bangon ɗakina ya dare, tun daga kusurwar taga har ƙasa, tsagar da farcena zai iya shiga.

Da hantsi ne. Na fito waje da takalmi ƙafa ɗaya, na tarar duk layinmu ya fito. Wata da kumfar sabulu har gwiwar hannu, wani da rabin aski. Mai Kemis, wanda ya fi kowa dogon gida da kuma ƙarfin murya a layin, yana tsaye gaban benensa yana kallon buloli uku da suka faɗo daga sama suka farfasa masa allon shago.

Kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce masu fasa dutse ne suka cika nakiya, wancan ya ce tukunyar gas ce ta fashe a bayan layi. Sai Baba Magini, maƙwabcina da bango ɗaya ya raba mu, ya tsuguna ya dafa kwalta da tafin hannunsa. Ya daɗe a haka kafin ya miƙe.

"Ƙasa ce ta motsa," in ji shi.

Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da tsoro bai gama sakinsu ba.

"Ƙasa? A nan?" Mai Kemis ya ce. "Baba, wannan ai abin talabijin ne. Kakan wa ya taɓa jin ƙasa ta motsa a garin nan? Bar batun ƙasa, mu yi batun gini. Wa ya gina mini benen nan?"

"Ni ne."

"Tela, ke fa? Na ji an ce naki ma ya tsage. Wa ya gina miki?"

Da na yi shiru da babu abin da zai ragu a jikina. Amma ni bakina ya saba riga hankalina fita. Na ce, "Wa zai gina in ba Mai Yashi ba? Siminti buhu ɗaya, yashi tifa guda!"

Layi ya ɗauka da shewa. Baba Magini ya dube ni, ya karkaɗe tafin hannunsa a jikin riga, ya shiga gida.

Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce tun maganar tana bakina. A gabana ya gina ɗakin nan shekara goma sha biyu da suka wuce. Safe da yamma yake shayar da bulo ruwa kamar mai renon shuka, har maigidana ya riƙa ƙorafin ba ya sauri. Bangon da ya yi mini, ƙusa uku na lanƙwasa kafin in samu in rataye madubi. Amma na tsorata, kuma mai tsoro wanda zai damƙa yake nema. Ƙasa ba ta da wuyan riga, Baba yana da shi. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin rana ta faɗi sunan ya zaga unguwa.

Gida ashirin ne a layinmu, goma sha ɗaya shi ya ɗora su tun daga harsashi. Shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini, ba a taɓa kiransa a ce ga abin da ya rushe ba. Cikin mako ɗaya aka karɓe aikin da yake yi a layin gaba aka ba wani. Masu gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. In ya wuce, sai ka ji wani ya yi tari ya ce, "Allah ya sa yashi bai yi tsada ba."

Kwana huɗu bayan girgizar ya yi sallama a ƙofata. Yana riƙe da kwano da ɗan kwaɓin filasta, aljihunsa cike da siraran gilasai da ya yanko daga tsohuwar taga, kowanne tsawon yatsa. Na yi tsammanin faɗa ya zo yi, har na gyara tsayuwa.

"Tela, ba ni wuri in ga bangon nan."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya shafa filasta a hagu da dama na tsagar, ya ɗora gilashi ɗaya a gicciye ya danna. Sannan ya ɗauki ƙusa ya rubuta kwanan wata a jikin ɗanyen filastan.

"Wannan kuma na mene ne, Baba?"

"Shaida ne. Bango ba ya magana, sai a sa masa wanda zai faɗa. In tsagar ta mutu, gilashin zai zauna lafiya. In tana da rai, zai karye. Ba a toshe tsaga sai an san ko ta gama tafiya. Haka wanda ya koya mini ya koya mini."

Na ce, "To."

"Na bi ta da ƙafata," ya ce, bai ɗago ba. "Daga garejin bayan layi ta taso. Ta ratsa benen Mai Kemis, ta shigo ɗakinki, ta bi tsakar gidana, ta tsallaka kwalta, ta shiga gidan Malamin Makaranta, ta fita ta kwalbati. Na ja igiya, ko karkata ba ta yi ba. Gidan Malam kamfani ne ya gina shi. Kwalta fa, ni na shimfiɗa? Kwalbatin, ni na zuba? Ginin da aka cuce shi a siminti tsagewa yake ta ko'ina, kamar busasshen taɓo. Wannan kuwa hanya ɗaya ta bi, daga ƙasa take."

Ya miƙe yana dafa bango. A bakin ƙofa ya juyo.

"Sunan nan da kika sa mini, na ji shi. Ba komai, 'yata ce ke. Abu ɗaya nake roƙo. Kar ki taɓa gilashin nan sai masu ilimin abin sun zo sun gani. Ba ni da gona, ba ni da shago. Sunan nan kaɗai na tara."

Na ce masa wallahi ba zan taɓa ba. Da bakina na rantse.

Wuri shida ya bi ya liƙa gilasansa, har da gefen kwalbati. Sau uku yana zuwa ofishin masu kula da gine-gine, ya wuni a kan benci da hularsa a gwiwa, har suka gaji da ganinsa suka ce za su turo injiniya ranar Alhamis. Ranar Litinin nawa gilashin ya karye. Ina zaune ina sa maɓalli na ji ƙas. Na leƙa na kira shi. Ya zo ya tsura wa karayar ido, ɓari ɗaya ya ɗan hau sama da ɗayan, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin girgizar.

"Kin gani? Tana da rai. Alhamis gani zai kori ji."

Yammacin ranar Mai Kemis ya tara mutanen layi a gaban shagonsa, ban da Baba.

"Ku saurare ni da kyau," ya ce. "Kun san mutanen nan. In suka ga tsaga, jan fenti za su shafa a bango. Bayan jan fenti sai me? Sai rusau. Ni ina da 'yan haya huɗu a sama, biyu sun fara haɗa kaya. Tsohon nan yana so ya wanke sunansa da gidajenmu. Mu kwana a titi don a ce ya iya gini?"

Ba wanda ya taɓa ganin an rushe gida saboda tsaga a unguwarmu. Amma kowa yana da ɗan'uwan da ya ji an yi wa wani a wani wuri. Malamin Makaranta, da nake ganin zai ce wani abu, gilashin idonsa kawai ya cire yana gogewa. Washegari aka kawo birkiloli daga wata unguwa. Cikin kwana biyu suka ɓamɓare gilasan Baba, suka cusa siminti a kowace tsaga, suka bi da fenti. Ta kan kwalta ma an cika ta da ƙasa da baƙin mai, aka ajiye tifa a kai. Layinmu bai taɓa kyau irin na ranar ba.

Baba ya fito ya tsaya yana kallonsu. Ya ce da ɗaya daga cikin birkilolin, "Ɗana, ɗanyen ciwo kake ɗaurewa." Shi kuwa ya ce, "Baba, aiki aka ba ni." Baba ya juya ya koma gida. Ya san akwai sauran ɗakina.

Da sassafe ranar Alhamis Mai Kemis ya aiko matarsa. Ko zama ba ta yi ba.

"Ke kaɗai kika rage. Maigidanki yana kan hanya da babbar mota, sai wani makon. In ya dawo ya tarar da ja a bangonsa, me za ki ce masa? Ina za ki kai keken nan da yara uku? Gidan Mai Yashi?"

Da ta fita na tsaya ina kallon gilashin. Ina so in ce na daɗe ina kokawa da zuciyata, amma ban kai minti biyar ba. Na ɗauki almakashi na buge shi da bayansa, na share garin filastan, na sa kafaɗa na tura kabad har ya rufe tsagar. Na ma ɗora furen roba a kai.

Injiniyar mace ce, ba ta kai shekaruna ba, da hular kwano da allon rubutu. Baba ya sa rigarsa ta fita unguwa yana gaba tana biye. Ya kai ta benen Mai Kemis, ta ga fenti. Ya kai ta gidan Malam, ta ga fenti. Ya nuna mata kwalta, ga tifa zaune a kai, direban wai ya tafi da makulli. Mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna yi mata sannu da zuwa, kowa fuska a sake.

"Ranki ya daɗe, saura ɗaya," na ji yana cewa. "Wannan za ki gani da idonki. Gilashin ma ya karye."

Suka shigo. Ya dubi inda tsagar take, ya ga kabad.

"Tela, ɗan matsar mana da kabad ɗin nan."

Matar Mai Kemis tana bakin taga. Sai na ji kaina ina cewa, "Wace tsaga kuma, Baba? Fenti ne ya ɗan ɓare, mun gyara tuni."

Injiniyar ta duba agogonta. Kabad ɗin nan ba shi da wani nauyi, Baba da hannu ɗaya zai iya ture shi. Amma shi mutum ne da ba ya taɓa kayan ɗakin matar wani. Ya dube ni. Babu fushi a idon, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"To," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Gida ɗaya ne tak aka samu da tsaga a layinmu ranar, shi ne nasa. Injiniyar ta auna, ta rubuta, ta ce masa cikin ladabi ya samu ya gyara kafin damina, wataƙila harsashin ne ya zauna. Motarta ba ta gama fita layi ba aka fara. "Magini guda, gidansa ne kaɗai ya tsage!" Har da masu riƙe ciki.

Washegari na fara jin diga ta bayan bango. A tsakar gidansa yake haƙa, daidai kan tsagar, yana bin ta ƙasa. Tun safe har rana ta take, ya ɗan huta, ya koma. Mutum mai shekara kusan saba'in, da hawan jini. In na taka keke sai in ƙara sauri don ƙarar ta danne, amma da na tsaya canza zare sai in ji shi.

Rana ta biyar Inna, matarsa, ta shigo wurina. Mace ce marar yawan magana, ita ta yi mini wankan jegon biyu daga cikin yarana. Ta zauna a bakin gado, ta dubi kabad ɗin, ta kawar da kai.

"Ramin ya wuce tsayinsa yanzu," ta ce. "Da tsani yake sauka. Ya ce sai ya kai ga dutse, ya nuna musu tsagar ta girmi harsashinsa. Abinci sai na tsaya a kansa. Na ce ko ke za ki yi masa magana, yana jin taki."

"Zan shigo, Inna. Bari in gama kayan nan, masu shi suna jira."

Ban shiga ba. Kunya ce ta hana ni, na fi son in kira ta haka. Gaskiyar ita ce in na shiga dole in faɗi abin da na yi, a kunnen layi duka.

Rana ta tara, wajen azahar, digar ta yi shiru. Na ɗauka hutu ne. Sai na ji Inna ta ƙwalla kira, ba sunan kowa ba, kira kawai. Maza huɗu ne suka fito da shi daga ramin da igiya. Ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace. Yana ta ƙoƙarin juyawa wajen ramin yana wani sauti, ana ce masa, "Yi haƙuri Baba, bar shi, bar shi." Ba wanda ya leƙa ciki. Mai Kemis ne ya kai shi asibiti a motarsa, kuma ya tabbatar kowa ya ga shi ne ya kai.

Na je duba shi a rana ta biyu. Inna ta matsa ta ba ni wuri. Ya rame, hannayen nan masu kaushi suna kwance a kan farin zani kamar ba nasa ba. Na ce, "Sannu, Baba." Ya gane ni. Ya ɗaga yatsan hagunsa ya ja layi a kan zanin, a hankali, miƙe sak, daga gefe zuwa gefe. Ya dube ni, ya sake ja. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya," na fito. Ko a nan ban faɗa ba. Da yammacin Lahadi ya cika.

Wurin gaisuwa kowa ya ce mutumin kirki ne. In an ɗan matsa gefe kuma a ce, "Sai dai taurin kai. Shi ya kashe kansa da haƙa."

Kwana goma sha tara bayan an kai shi makwancinsa, ƙasa ta sake motsawa. Wannan karon ma ba ta kai ta farko ba, ruwan bokiti ne kawai ya kaɗa. Amma duk simintin da aka cusa ya tofo waje. Benen Mai Kemis, gidan Malam, kwalta, kwalbati, duk suka buɗe a layi ɗaya, cikin sabon fenti, ko makaho ya shafa zai bi ta.

Injiniyar ta dawo da mutum uku da na'urori a akwatuna. Suka kafa sanduna, suka ja igiya daga gareji zuwa kwalbati. Inna ta buɗe musu gida, suka sauka ramin ɗaya bayan ɗaya da fitila. Sun daɗe a ciki. Da injiniyar ta fito, gwiwoyinta duk ƙasa, sai ta dubi taron da ke ƙofa.

"Ina Baban nan da ya zagaya da ni?"

Kowa ya kawar da kai. Malamin Makaranta ya cire gilashinsa.

Ta gane. Sannan ta yi mana bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai tsohuwar tsaga a dutsen da ke ƙarƙashin layinmu, ta fi garin daɗewa, takan yi shekaru aru-aru ba ta motsa ba, sai wata rana ta ɗan gyara kwanciya. Ta ce Baba ya kai gare ta, ya share ta tas, har ya liƙa mata gilashi. Ta ce gidajen da aka ɗaure da rodi a linta, saman ƙofofi da tagogi, sun tsage amma ba za su faɗi ba, ta tambayi wa ya gina su.

"Rusau fa, ranki ya daɗe?" wani ya tambaya daga baya.

"Wane rusau? Wa ya ce muku za a rushe? Gyara za a nuna muku yadda ake yi. Da kun bar ni na gani tun zuwan farko ai da an wuce wurin."

Sai ga muryar Mai Kemis: "Ai ni dama na sha faɗa, ginin Baba ba wasa ba ne! Dubi benena, ko gezau!" Aka yi ta gyaɗa kai. Wallahi da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi, sai dai ban san da wa zan fara ba, shi ko ni.

Na kama hannun injiniyar na kai ta ɗakina, na ture kabad ɗin a gabanta da gaban duk wanda ya biyo mu. Na ce ranar nan ƙarya na yi, kuma ni na sa masa sunan. Ta auna tsagar ta rubuta. Aikinta kawai take yi.

Da mutane suka watse na shiga wurin Inna. Tana tsakar gida a kan tabarma, nesa kaɗan da bakin ramin, tana haɗa kayansa a buhu za a ba mabuƙata. Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga almakashi har furen roba. Ina kuka, ita ba ta yi.

"Na sani," ta ce. "Ta bango na ji lokacin da kike tura kabad ɗin. Shi ma ya ji."

"Ya ji? Amma ya kawo ta ɗakina?"

"Ya ce in kika gan shi tsaye za ki matsar."

Ta ci gaba da ninke riguna tana sawa a buhu. Daga ƙarshe ta ɗauko wandon aikinsa. Siminti na shekaru ya sandarar da gwiwoyin, sun yi ƙoƙo daidai yadda yake durƙusawa. Ta ninka, ya buɗe. Ta danna da tafin hannu, ya sake buɗewa. Sai ta ajiye shi a gefenta a kan tabarmar, ta ɗaure bakin buhun.